Masu Tsefe Haske: Yadda Lissafi Ke Karanta Gonar Gicci Daga Sama

Gonar manomin Birnin Kudu ko Gwaram ba kasafai take zama da amfani iri ɗaya ba. Da ruwan shuka ya sauka, gero ne kan fara shiga ƙasa, dawa ta bi bayansa, sai damina ta kankama a tsarma wake ko gyaɗa a gicce. Wani ya zagaye gefen gonar da yakuwa, wani ya ware wa riɗi ɓangare. Ga ɗorawa, ga kuka, ga gawo a tsattsaye, waɗanda aka bari da gangan tun zamanin kakanni. Daga tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya yi shekaru a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru yana bin ƙauyukan Zariya gona-gona, har ya tabbatar da alƙaluma abin da manomi ya daɗe da sani: gauraya shuka dabara ce mai rage kasada, mai kuma biyan wahalar da aka sha. Idan ruwa ya ɗauke da wuri ya bar dawa a tsaye, gero ya riga ya shiga rumbu.

Sai dai dabarar da ke ceton manomi ita ce ke ɗaure wa tauraron ɗan adam kai. Hoton da tauraro ke ɗauka ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuma yana tsaye ne a madadin wani fili a ƙasa. A taurarin Landsat na Amurka, faɗin filin mita 30 ne, tsawonsa mita 30. A NigeriaSat-1, wanda Najeriya ta harba a 2003, mita 32 ne. Ke nan a Landsat hekta guda cur ɗigo 11 ne kacal. A ƙasashen da mutum ɗaya ke shuka masara zalla iya ganin ido, wannan ba abin damuwa ba ne, domin ɗigo ɗari a jere duk masara ce. A Gwaram kuwa, ɗigo ɗaya ya haɗiye gero da dawa da wake da tsirarar ƙasar da ke tsakanin kunya da inuwar bishiya, wani lokaci har da gefen gonar maƙwabci, sannan na'ura ta miƙo awo guda ɗaya. Tsohuwar hanya ita ce a laƙa wa kowane ɗigo suna ɗaya, a ce wannan gero ne. Da an yi haka wake ya ɓace daga taswira, alhali shi ne kuɗin cefanen uwargida, harawarsa ce kuma ke riƙe da tumaki har bazara.

A nan ne wasu masana lissafi da ƙididdiga suka sauya tambayar. Maimakon su tambayi ɗigo ko shi mene ne, sai suka tambaye shi abubuwa nawa ne a cikinsa, kuma kowanne kashi nawa ya ci. Wannan sana'a ta tsefe ɗigo tana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a kimiyyar zamani, domin daga awo ɗaya da ya cakuɗe take fito da rabon kowa, ba tare da an taka gonar ba.

Sirrin yana cikin haske. Idon ɗan adam yana ganin zangon haske daga kamar nanomita 400 zuwa 700, wato launukan bakan gizo, kuma da ƙwayoyin gani iri uku yake wannan aiki. Kyamarar waya ma uku take aunawa: ja, kore da shuɗi. Landsat 8 yana auna zango 11, Sentinel-2 na Turai yana auna 13. Akwai kuma wani jinsin kyamara da ke yanka haske siriri-siriri har sama da zango 200, daga nanomita 400 zuwa 2,500, can cikin hasken infirared da ido ba ya gani. Na'urar AVIRIS ta hukumar NASA, wadda aka fara ɗorawa a jirgin sama a ƙarshen shekarun 1980, zango 224 gare ta. Wata na'ura mai suna Hyperion ta kai irin wannan ido sararin samaniya a 2000, ta yi aiki har 2017. Italiya ta harba PRISMA a 2019, Jamus ta harba EnMAP a 2022, dukansu da ɗigon mita 30.

Da irin wannan ido, kowane abu yana da tambarinsa. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske a wajen nanomita 680 domin da shi yake haɗa abincinsa, amma da an ƙetare 700 sai ya mayar da haske da ƙarfi, layin awo ya haura tsaye. Ruwan da ke cikin ganyen yana shan haske a wajen 1,400 da 1,900. Busasshen kara da harawa suna da wani lotso a wajen 2,100, saboda sinadarin selulos. Farin yumɓu na kawolin yana da tagwayen lotso kusa da 2,200. Jangargari kuwa tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce ke ba shi launi, ita ma da nata lotson a wajen 900. Da ido, busasshen kara da jigawa a watan Janairu kusan launinsu ɗaya. Da zango 200, ko kusa ba su yi kama ba.

To, yaya ake tsefewar? Tushen abin ba shi da wuya. A ce a wani zango na infirared ɗanyen ganye yana mayar da kashi 50 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, rairayi kuma yana mayar da 30. Na'ura ta auna wani ɗigo ta sami 38. Tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ita ce 20, ɗigon kuma ya taso daga 30 da 8. Takwas cikin ashirin kashi 40 cikin 100 ke nan: ganye ya rufe kashi 40 na filin, rairayi yana da 60. Ɗan firamare ma zai iya wannan. Amma idan abubuwan sun kai huɗu ko biyar, zango ɗaya ba ya isa, kuma kowane awo yana ɗauke da ɗan kuskure, daga na'urar kanta, daga tururin ruwa a iska, daga hazo. Shi ya sa ake son zango 200 alhali amsa huɗu ake nema. Kurakuran ba gefe ɗaya suke karkata ba, wani ya yi sama wani ya yi ƙasa, idan aka haɗa su da yawa sai su cinye juna. Hanyar da ake bi tsohuwa ce: a yi hasashen rabo, a duba gibin da ke tsakanin hasashen da ainihin awo a kowane zango, a ninka kowane gibi da kansa, a tara duka. Rabon da ya ba da jimla mafi ƙanƙanta shi ne amsa. Bafaranshe Adrien-Marie Legendre ne ya wallafa wannan dabara a 1805, Bajamushe Carl Friedrich Gauss kuma ya yi ta bin sawun taurari da ita.

Sai dai lissafi idan aka sake masa linzami yakan faɗi abin da ba ya yiwuwa. Yana iya cewa gero ya ci kashi 120, wake kuma ya yi ƙasa da sifili. Don haka ake sa masa takunkumi biyu: babu kason da zai gaza sifili, kuma idan an tara duka dole su cika 100 daidai. Daniel Heinz da Chein-I Chang sun fitar da tsararriyar hanyar yin haka a 2001, har yau kuma da ita ɗalibai ke fara koyo.

Akwai wata hikima da nake jin daɗin tunawa. A 1986, John Adams da Milton Smith da Paul Johnson na Jami'ar Washington sun ɗauki wani hoton da na'urar Viking 1 ta aiko daga doron duniyar Mirrihi, suka warware shi zuwa ƙura da dutse da tsakuwar ƙasa. Abin da ya hana su sakat shi ne inuwa, domin dutse ɗaya ne amma gefensa na rana da na inuwa awonsu daban. Sai suka ce, a lissafa inuwa ita ma a matsayin abu, a ba ta kasonta, daga baya a cire ta a raba sauran. Duk wanda ya san yadda ɗorawa ke shimfiɗa inuwa a gona da hantsi, ko yadda dogon karan dawa ke lulluɓe waken da ke ƙarƙashinsa, zai ga cewa dabarar da aka ƙirƙira don wata duniya ta zauna daram a tamu.

Duk wannan ya rataya ne a kan sanin tambarin tsantsar kowane abu tun farko. Idan ba a sani ba fa? Nan ne gwanintar ta kai maƙura. Ka ɗauki takarda, ka ja layi biyu, na kwance shi ne awon jan haske, na tsaye shi ne awon infirared. Kowane ɗigon hoton ka sa masa alama a inda awonsa biyu suka haɗu. Idan yankin abu uku ne ya ƙunsa, misali ganye da ƙasa da inuwa, za ka ga dubban alamomin nan ba su watse barkatai ba, sun taru sun yi siffar alwatika. Dalili kuwa, gauraye ba ya taɓa fita daga tsakanin abubuwan da aka gauraya. Ɗigon da ya haɗa ganye da ƙasa dole ya faɗi a kan layin da ke tsakaninsu, wanda ya haɗa ukun dole ya faɗi a ciki. Kusurwoyin alwatikar su ne tsantsar abubuwan. Ke nan hoton da kansa ne ke faɗa maka abin da ya ƙunsa, ko da ba ka taɓa zuwa wurin ba. Idan abubuwan huɗu ne siffar ta zama dala mai kusurwa huɗu, idan sun fi haka ido ya daina gani amma kwamfuta tana ci gaba da lissafi ba tare da gargada ba.

An yi gasar neman kusurwoyin nan. Joseph Boardman da abokan aikinsa, a 1995, sun riƙa jefa layuka ta kowace fuska suna ƙirga ɗigon da ya fi yawan faɗowa a ƙarshen layi. Michael Winter, a 1999, ya ce a nemi ɗigogin da idan aka mai da su kusurwa za su ba da siffa mafi girma, ya kira hanyarsa N-FINDR. José Nascimento da José Bioucas-Dias na Lisbon sun kawo wata mai sauri a 2005. Amma dukansu sun ɗauka cewa a wani wuri cikin hoton akwai ɗigon da yake abu ɗaya zalla. A kudancin Jigawa ana iya samun haka a kan falalen duwatsun Birnin Kudu, ko yashin kogi da rani, ko fadamar da shinkafa ta rufe. Ɗigon wake zalla mai murabba'in mita 900 kuwa, a gonar gicci, sai an tona. Shi ya sa ni a wurina tunanin Maurice Craig na 1994 ya fi dacewa da mu. Shi cewa ya yi, idan babu ɗigo a kusurwa, a nemi alwatika mafi ƙanƙanta da za ta kewaye dukkan alamomin. Inda gefunanta suka haɗu, nan tsantsar take, ko da babu ɗigon da ya zauna a wurin. A gano tambarin abin da bai taɓa bayyana shi kaɗai ba, daga yadda ya ja maƙwabtansa kawai: wannan kam basira ce.

Wata matsalar ita ce abu ɗaya ba tambari ɗaya gare shi ba. Geron da ya sami taki da wanda ƙuduji ya shaƙe ba su mayar da haske iri ɗaya. Ƙasar da ta sha ruwa jiya ta fi busasshiya duhu. Dar Roberts na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, a 1998, ya ce a tara wa kowane abu tambura da yawa, a bar kowane ɗigo ya zaɓi haɗin da ya fi dacewa da shi. Masu bin tafarkin Thomas Bayes, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1763 bayan rasuwarsa, sun ƙara gaba. Nicolas Dobigeon da Jean-Yves Tourneret na birnin Tulus a Faransa, daga wajen 2008, sun gina hanyoyin da kwamfuta ke gwada dubban rabon da ke iya yiwuwa, ta auna yiwuwar kowanne. Amsar da ke fitowa sai ta zama kamar haka: ganye yana tsakanin kashi 35 da 45, amma wake yana iya zama 5, yana iya zama 25. Wannan gaskiya tana da daraja. Jami'in da zai raba taki ko ya ƙiyasta ɓarnar ambaliya yana buƙatar sanin inda taswira ta tsaya da ƙafarta da inda take ɗingishi.

Gwanin wannan aiki ana gane shi ne daga yadda yake kula da ragowa, wato gibin da ya saura bayan an gama rabo. Ɗan koyo yana ganin ragowa ya kau da kai. Gwani yana zana mata taswirarta daban. Idan ragowar ta warwatsu ko'ina daidai, kuskuren na'ura ne. Idan kuwa ta taru a wuri ɗaya, ta bi gefen hanya ko ta zagaye gari, to akwai abin da aka manta ba a sa a lissafi ba: rufin kwano, tokar saura da aka ƙone, ko ruwan kududdufi.

Ba kowane gauraye ne ke bin wannan lissafi mai sauƙi ba. Idan aka zuba gero a gefen faifai, dawa a ɗaya gefen, wanda ya hango daga nesa zai ga matsakaicin launinsu gwargwadon filin da kowanne ya ci. Idan kuwa aka niƙa su tare, haske zai riƙa shiga ƙwayar wannan ya fita ya faɗa ta wancan kafin ya dawo, launin garin kuma ba zai bi rabo kai tsaye ba; ɗan kaɗan na mai duhu yana iya rinjayar mai yawa. Haka ma'adanai suke a cikin ƙasa, haka kuma haske ke kai-komo tsakanin ganyen dawa da na wake. Bruce Hapke ya tsara lissafin irin wannan cakuɗa a 1981, daga nazarin ƙurar doron wata.

Kada a yi wa mai karatu romon baka. Raba gero da dawa a watan Yuli, duk suna kore shar, abu ne mai matuƙar wuya, domin tambarinsu ya yi kusa. Gajimaren Agusta yana rufe ido, hazon hunturu yana dishe shi. PRISMA da EnMAP faɗin kilomita 30 kawai suke ɗauka a wucewa ɗaya, kuma ba kullum suke duban wuri ɗaya ba. Mai dabara sai ya haɗa da kalandar manomi. Gero yana riga kowa nuna, a girbe shi, dawa ta saura a tsaye, wake ya samu sarari ya yaɗu. Gawo kuma yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Hotuna uku ko huɗu a lokutan da suka dace suna raba abin da hoto ɗaya ya kasa.

Inda sana'ar ta fi ƙarfi shi ne rabon nan na ɗanyen ganye da busasshen tsiro da tsirarar ƙasa, kuma shi ne ya fi shafar mu da rani. Yawan karan da ya saura a gona shi ke nuna abincin dabbobin da ke akwai, da kuma yadda iskar bazara za ta kwashi ƙasar sama. A inda manomi da makiyayi ke haɗuwa a kan kara ɗaya, sanin adadinsa kafin a shiga watan Maris ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar NASA ma da irin wannan rabo take farawa a aikin EMIT, na'urar da aka maƙala a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2022 don gano ma'adanan da ke cikin ƙurar hamada. Sai an ware tsiro daga ƙasa kafin a karanta ma'adanin. Ƙurar nan kuwa ba baƙuwarmu ba ce: kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, yana daga manyan tushen hazon da ke sauka mana kowane hunturu.

Birnin Kudu tana da wani wurin da wannan lissafi zai yi aiki ba tare da tauraro ba. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana a tsakiyar shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗa na yankin, suna nuna shanu marasa tozo, daban da waɗanda ake kiwo a nan yau. Kowane taƙi na jikin dutsen gauraye ne: launin da mai zane ya shafa, asalin dutsen, ɓawon da ruwa ya bari, ƙura da hayaƙi. Akwai irin wannan kyamara ta ɗauka a hannu, wadda ake kafawa a kan ƙafa uku, ɗigonta bai kai milimita ɗaya ba. Gidajen tarihi a Turai da Amurka suna duba tsofaffin zane da rubuce-rubuce da ita. Da ita ana iya ware kason launi daga kason dutse, a fito da layin da ya dushe, a ga inda aka yi zane a kan zane, ba tare da an karce ko ƙwaya ɗaya daga jikin kayan tarihin ba.

Hotunan PRISMA da EnMAP da EMIT kyauta ake ba mai bincike idan ya yi rajista. Hanyoyin lissafin a buɗe suke, kwamfutar cinya ta isa. Abin da ke wuyanmu shi ne tambura. Babban kundin tambura na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2017, an gina shi ne galibi a kan ma'adanai da tsirran da masanan can suka tara. Tambarin harawar gyaɗa ta Gwaram, da na jigawa da jangargari da laka kamar yadda manomi ya bambanta su, da na gero a kowane mataki daga tsiro zuwa bununi, sai ɗan ƙasa ya shiga gona da na'urar awo ya ɗauko su. Kirana ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da hukumar aikin gona ta Jigawa, wato JARDA, shi ne su haɗa hannu su sayi na'urar awon haske ta hannu ko guda ɗaya ce, su tura ɗaliban lissafi da na aikin gona tare zuwa gonakin Birnin Kudu da Gwaram damina da rani, su riƙa rubuta kowace ƙasa da kowane iri da sunan da mai gonar ya kira shi, sannan su buɗe kundin ga duk mai buƙata.